James Paris Lee, mai gyaran agogon da ya ba sojan Birtaniya bindiga

Bindigar da sojojin Afirka ta Yamma suka rataya zuwa yaƙin Bama, wadda 'yan sandan Nijeriya suka daɗe suna riƙe da ita bayan samun 'yancin kai, tana ɗauke da sunan mutumin da bai taɓa jagorantar runduna ba. Sunanta Lee-Enfield, mai rabin sunan kuwa shi ne James Paris Lee.

An haife shi ranar 9 ga Agusta, 1831 a garin Hawick na ƙasar Sikotilan. Yana ƙaramin yaro iyayensa suka yi ƙaura zuwa Galt a lardin Ontario na Kanada, inda ya koyi gyaran agogo a shagon mahaifinsa. Wannan sana'a ce ta koya masa auna ƙarfe da taka-tsantsan. Daga baya ya koma jihar Wisconsin ta Amurka.

A lokacin yaƙin basasar Amurka gwamnati ta ba shi kwangilar bindigogi 1,000, ya kafa kamfani a Milwaukee domin cika ta. Da aka kai kayan sai hukuma ta ƙi karɓa, saboda saɓanin fahimta a kan faɗin ramin bututun. Asarar ta yi masa nauyi, amma bai ajiye aikin ba.

A 1879 ya yi rajistar ƙirƙirar da ta ɗaga sunansa, wato gidan harsashi na ƙarfe da ake maƙalawa a ƙarƙashin bindiga, a kuma cire shi idan an so. Kamfanin Remington ya ƙera bindigogi a kan wannan tsari. A 1888 Birtaniya ta karɓi tsarin, ta haɗa shi da bututun da William Metford ya zana, aka samu Lee-Metford. Sabon albarushi marar hayaƙi ya riƙa cinye zanen cikin bututun, saiti ya lalace da wuri. Don haka a 1895 masana'antar gwamnati da ke Enfield ta zurfafa zanen, aka samu Lee-Enfield mai ɗaukar harsashi 10.

Lee ya rasu ranar 24 ga Fabrairu, 1904 a jihar Connecticut, shekara 10 kafin yaƙin duniya na ɗaya, wanda a cikinsa ne bindigar ta yi suna. An ƙera fiye da miliyan 17 a Ingila, Indiya, Ostireliya, Kanada da Amurka.

Har yau masu tara tsofaffin bindigogin soja lambar jikinta suke fara dubawa. Dalili kuwa shi ne a masana'anta akan daidaita sakatar kowace bindiga da gangar jikinta, sannan a buga musu lamba ɗaya. Idan lambobin suka sha bamban, alama ce an sauya sakatar, kuma tazarar da ke tsakaninta da gindin harsashi tana iya wuce ƙima, abin da kan ɓata saiti ya kuma jefa mai harbi cikin haɗari. A samfuri mai lamba 4, wanda aka karɓa a 1941, an tanadi kawunan sakata masu lamba 0 zuwa 3 domin gyara wannan tazara.

Duk da haka lamba ba ta tabbatar da saiti, domin tsatsa a cikin bututu da lanƙwasar katako su ma suna da nasu tasiri. Shi ya sa a yaƙin duniya na biyu ake gwada bindigogin a filin harbi, a ware waɗanda suka fi dacewa, a aika su kamfanin Holland & Holland da ke Landan ya sanya musu madubin hangen nesa, a buga lambar madubin a jikin katakon domin kada a raba su.