MAIKEL FARADAI, ƊAN MAƘERIN DA YA MAI DA ZINARIYA JA

Cikin masanan da muke karantawa a darasin kimiyya, babu wanda tarihinsa ya shiga raina kamar Maikel Faradai. An haife shi a gefen birnin Landan a 1791. Mahaifinsa maƙeri ne mai ƙaramin ƙarfi, irin maƙeranmu na Ikara da Kudan, don haka yaron bai yi nisa a makaranta ba. Yana ɗan shekara 14 aka kai shi koyon ɗinkin littattafai, shi kuwa sai ya riƙa karanta waɗanda aka kawo ɗinki.

A 1812 ya saurari laccocin shahararren masani Hamfuri Debi, ya rubuta su tsaf, ya ɗinke, ya aika masa. Da shekara ta kewayo Debi ya ɗauke shi mataimaki a ɗakin bincike. A 1831 ya gano cewa motsa maganaɗisu cikin naɗin waya yana haifar da lantarki. Tushen janareta ke nan.

Amma aikinsa da ya fi ba ni mamaki shi ne na launi. Kowa ya san zinariya rawaya ce. A 1856 Faradai ya narkar da gishirin zinariya cikin ruwa, ya sa masa sinadarin fosfaras, sai ruwan ya koma ja wur. Da ya ratsa shi da haske, sai ya ga hanyar hasken ta bayyana a ciki. Daga nan ya gane zinariyar ta rarrabu ne ta zama ƙwayoyi masu yawo cikin ruwan, ƙanƙantarsu ce kuma ta sauya launin. Yanzu an san dubbansu za su jeru a kaurin gashi ɗaya. Kwalabensa suna nan a Landan har yau. Irin waɗannan ƙwayoyi ne ke fitar da jan layin nan a abin gwajin zazzaɓin cizon sauro, wanda ake yi mana a asibitocin Makarfi da kewaye.

Faradai ya rasu a 1867, bayan ya ƙi karɓar shugabancin babbar ƙungiyar masanan Ingila har sau biyu.

Ya ku iyayenmu, na san ɗalibai masu hazaƙa da aka cire daga makaranta saboda noma ko ƙira. Don Allah a bar su su gama. Mu kuma 'yan'uwana, kada talaucin gida ya karya mana zuciya, da sannu ƙwai kan yi ƙafa. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.