Tarihin Duke Kahanamoku, Mutumin Da Ya Koya Wa Duniya Hawan Igiyar Ruwa

A wannan mako filinmu na tarihin mashahuran mutane zai ƙetare da masu karatu can tsakiyar Tekun Fasifik, zuwa tsibiran Hawai, domin jin labarin wani gwanin ruwa mai suna Duke Kahanamoku, wanda ya rasu tun cikin shekarar 1968.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu bayyana wasan da ya yi suna a kansa, don ba kowa ya san shi ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin teku a Ikko ya ga yadda ruwa ke tasowa kamar tudu, ya naɗo, ya zo ya fashe a gaɓa. To, shi wannan wasa, mutum ne zai kwanta rub da ciki bisa wani faffaɗan katako, ya tuƙa da hannuwansa ya shiga cikin teku ya jira. Da igiyar ta taso sai ya miƙe tsaye bisa katakon, ita kuwa ta ɗauko shi a guje zuwa gaɓa. A yau abin ya zama sana'a. Akwai gasar duniya, akwai kuɗi masu yawa, har ma masu sha'awa kan zauna da wayar hannu su zaɓi gwanayen da suke zaton za su yi nasara, su haɗa ƙungiya ta suna kawai suna tara maki, kamar yadda samarinmu ke yi da 'yan ƙwallon Ingila. Amma a zamanin ƙarfin Duke babu gasar kuɗi ko ɗaya, wasan ma kansa ya kusa mutuwa.

Shi dai hawan igiyar ruwa gadon mutanen Hawai ne tun kaka da kakanni. Maza da mata duk suna yi, sarakuna kuwa suna da nasu dogayen katakai da ake kira olo, waɗanda talaka ba ya hawa. Turawan jirgin Kyaftin Cook sun ga wasan a 1779, suka rubuta labarinsa. Daga 1820 'yan mishan suka fara isowa daga Amurka, ba su kuwa ji daɗin ganin maza da mata cikin ruwa ba sutura ba, balle cacar da ake yi a kan wasan. Sa'an nan ga cututtukan da baƙi suka kawo, waɗanda suka yi wa 'yan ƙasa kisan ƙare dangi, har ya zamana a 1890 ba su wuce kimanin mutum 40,000 ba. Waɗanda suka rage suna hawan igiya 'yan ƙalilan ne.

A cikin wannan shekara ta 1890, ran 24 ga watan Agusta, aka haifi Duke a birnin Honolulu. Lokacin Hawai tana ƙasa mai sarautar kanta. Yana da shekara biyu da 'yan watanni aka tumɓuke Sarauniya Liliuokalani, a 1898 kuma Amurka ta haɗiye tsibiran. Mutane da yawa kan zaci shi basarake ne saboda sunansa, tun da Duke sarauta ce a Ingila. A'a, suna ne kawai ya gada daga mahaifinsa, wanda ɗan sanda ne, shi kuma an raɗa masa ne don tunawa da ziyarar da Duke na Edinbara, ɗan Sarauniya Biktoriya, ya kai Hawai a 1869.

Yaron ya tashi a unguwar Waikiki da ke bakin teku, shi da ƙannensa. Bai gama makaranta ba, ya fita don ya taimaki iyayensa. Abin da ya iya shi ne ruwa: iyo, tuƙin kwalekwale, da hawan igiya. Katakonsa irin na mutanen da ne, na icen koa, tsawonsa ƙafa 16, nauyinsa laba 114, watau wajen kilo 52. Wanda ya taɓa ɗaukar buhun siminti a ka ya san abin da ake nufi.

Iyo ne ya fara fito da shi. A watan Agusta 1911 aka yi gasa a tashar jiragen ruwa ta Honolulu, Duke ya ci yadi 100 cikin sakan 55.4, watau ya zaftare sakan 4.6 daga abin da aka sani gwanin duniya ya yi. Da labari ya kai ga hukumar wasanni ta Amurka sai ta ƙi yarda. Aka ce agogon alƙalan ne ba daidai ba, daga baya aka ce ruwa ne ya tura shi. Mu dai a namu ganin, abin da ya yi musu wuyar haɗiya shi ne a ce wani baƙin yaro daga tsibiri, wanda ba wanda ya koya masa, ya fi 'ya'yansu. Mutanen Hawai suka yi karo-karo suka tura shi Amurka a je a gani da ido.

Fitarsa ta farko ba ta yi kyau ba. A birnin Pittsburgh, cikin sanyin watan Fabrairu 1912, jijiya ta riƙe shi a tsakiyar gasa, sai tsamo shi aka yi. Bai saba da iyo a tafkin cikin gida ba, inda tilas mutum ya iya juyawa in ya kai bango. Wani malamin iyo na Jami'ar Pennsylvania, George Kistler, ya ɗauke shi ya koya masa, kafin 'yan watanni kuwa ya sami shiga ƙungiyar Amurka mai zuwa wasannin Olamfik na birnin Stockholm a ƙasar Suwidin.

A can ne wani abu ya faru wanda ya kamata a riƙa tunawa. Saboda rashin fahimtar lokaci, 'yan Amurka ba su zo zagayen kusa da na ƙarshe na mita 100 ba, doka kuwa ta ce an fitar da su. Wanda wannan ya fi yi wa daɗi shi ne Cecil Healy na ƙasar Ostireliya, don in babu Duke, zinariya ta kusa zama tasa. Amma shi ne ya tsaya kai da fata a kan lalle a ba su dama. Aka ba su, Duke ya ci zinariya, Healy ya zo na biyu. Shekara shida bayan haka aka kashe Healy a fagen fama a Faransa, a Yaƙin Duniya na Farko.

Yaƙin nan ya hana wasannin 1916, lokacin da Duke ke ganiyarsa. A 1920 a birnin Antwerp na Beljiyam ya ci mita 100 a ranar da ya cika shekara 30, aka yi ƙorafi, aka sake gasar, ya sake ci, ya ƙara da wata zinariyar a iyon ba-ni-in-ba-ka. A birnin Faris a 1924 wani saurayi mai suna Johnny Weissmuller ya kayar da shi. Duke ya zo na biyu, ƙanensa Samuel ya zo na uku. Jimla dai lambobinsa biyar ne, zinariya uku, azurfa biyu.

Sunan da ya yi a iyo shi ya buɗe wa hawan igiya ƙofa. Duk inda aka gayyace shi ya nuna iyo, in akwai teku, sai ya nemi katako. Mafi shahara ita ce tafiyarsa Ostireliya. Bai je da katako ba, sai ya sayi icen fain a birnin Sidni ya sassaƙa da kansa, a watan Disamba 1914 ya shiga ruwa a gaɓar Freshwater, jama'a suka tsaya baki buɗe. Da zai tafi ya bar wa wani yaro mai suna Claude West katakon, yaron kuwa ya zama gwanin ƙasar. Har yau katakon na nan a ajiye a kulob ɗin masu ceto na Freshwater. Gaskiya ba Duke ne farkon wanda ya fita da wasan waje ba, don wani ɗan Hawai, George Freeth, ya kai shi Kalifoniya tun 1907. Amma Freeth ya rasu da ƙuruciya a 1919, kuma ba shi da zinariyar Olamfik da za ta tara 'yan jarida.

To, ina amfanin suna ga aljihu? A zamanin nan dokar Olamfik ta hana ɗan wasa karɓar ko anini saboda wasansa. Duke ya ga abin da aka yi wa Jim Thorpe, wanda suka je Stockholm tare: a 1913 aka ƙwace lambobinsa don an gano ya taɓa karɓar 'yan kuɗi a wani wasan ƙwallo. Saboda haka mutumin da sarkin Suwidin ya ba lamba da hannunsa ya koma gida yana neman abin sa wa a bakin salati. Ga kuma launin fata, wanda ya sa a wasu wurare a Amurka aka ƙi sayar masa da abinci. Ya koma Kalifoniya ya shiga harkar sinima, amma ba a ba shi sai ƙananan matsayi, yau sarkin wani tsibiri, gobe ɗan fashin teku. Weissmuller da ya kayar da shi kuwa, shi aka ba matsayin Tarzan a 1932, ya yi kuɗi.

Yana zaune a Kalifoniya ne ya yi aikin da ya fi duk lambobinsa. Ran 14 ga watan Yuni 1925, shi da abokansa suna gaɓar Corona del Mar, sai igiya ta kifar da wani jirgin masunta mai suna Thelma a bakin mashigar tasha. Ruwan ya yi haukan da kwalekwale ba ya iya shiga. Duke ya ɗauki katakonsa ya faɗa, ya ɗora mutum ya kawo gaɓa, ya koma, ya sake komawa, har ya tsamo mutum takwas. Abokansa suka ceto huɗu, biyar suka halaka. Daga nan ne masu aikin ceto a bakin teku suka fara ɗaukar katako a matsayin kayan aiki.

Da ya koma Honolulu sai da ya yi sana'ar gidan mai, yana zuba wa motoci fetur. A 1934 ya tsaya takarar muƙamin Sherif, watau jami'in da ke kula da gidan yari da isar da takardun kotu, ya ci, aka yi ta zaɓensa har sau 13 a jere. Ya auri Nadine Alexander a 1940. Bayan Hawai ta zama jiha ta 50 ta Amurka a 1959 aka soke muƙamin, aka naɗa shi mai tarbar manyan baƙi.

Sai da ya tsufa sa'an nan wasan ya soma kawo masa ɗan abin hannu, lokacin da aka fara sa sunansa a kan tufafi da katakai da wani gidan shaƙatawa a Waikiki. A watan Disamba 1965 aka buɗe gasa da sunansa a gaɓar Sunset da ke arewacin tsibirin Oahu. Ba kowa ke shiga ba, gwanaye 24 aka zaɓa aka gayyata, wani yaro ɗan shekara 17, Jeff Hakman, ya cinye. Irin wannan gasa ce ta share hanyar gasar duniya ta ƙwararru wadda aka kafa a 1976.

Duke bai ga wannan ba. Ciwon zuciya ya kashe shi ran 22 ga watan Janairu 1968, yana da shekara 77. Aka ƙona gawarsa, aka fita da tokar cikin jerin gwanon kwalekwale, aka zuba a tekun Waikiki. Burin da ya daɗe da shi na a sa hawan igiya cikin Olamfik bai cika ba sai a wasannin Tokyo da aka yi a 2021, inda Carissa Moore, 'yar Honolulu mai jinin 'yan ƙasar, ta ci zinariyar mata, Italo Ferreira na Birazil ya ci ta maza.

A 1990, don cikarsa shekara 100 da haihuwa, aka kafa mutum-mutuminsa na tagulla a Waikiki, hannuwa buɗe, katako a bayansa. Baƙi kan rataya masa furanni su ɗauki hoto. Tsofaffin 'yan ruwa kuwa sun yi ta gunaguni, don an kafa shi yana fuskantar titi ya juya wa teku baya, abin da a al'adarsu ake hana yaro tun ranar da ya fara shiga ruwa.