Rowland Bingham: Mutumin da Ya Dogara ga Tanadin Allah

Yawancinmu mun san asibitin Jankwano da ke Jos, mun kuma ji labarin Jami'ar Bingham da aka kafa a Karu a 2005. Amma kaɗan ne a cikinmu suka san mutumin da ake kiran waɗannan wurare da sunansa. A wannan mako za mu duba rayuwarsa, domin muna gani tana da abin da za ta faɗa wa masu bi na Mabai da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, inda tambayar abin da za a ci gobe ta zama tambayar kowace safiya a gidaje da yawa.

An haifi Rowland Victor Bingham ranar 19 ga Disamba 1872 a garin East Grinstead na ƙasar Ingila. Mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara 13, sai ya zama dole ya fara neman abin kansa tun yana yaro. Yana da shekara 15 ya karɓi Yesu ta wurin wa'azin ƙungiyar Rundunar Ceto, bayan shekara guda kuma ya haye teku zuwa Kanada. A birnin Toronto ne ya sadu da wata dattijuwa, Margaret Gowans. Ita ce ta ba shi labarin ƙasashen da ke kudu da hamada, waɗanda Turawan zamanin suke kira Sudan, har da ƙasar Hausa a ciki. Ɗanta Walter ya riga ya ƙudura zai kai bishara can, amma duk ƙungiyar mishan da ya nema ta ƙi aikensa, wasu don rashin kuɗi, wasu don tsoron cuta. Bingham ya ji wannan kira a zuciyarsa, ya tashi ya bi Walter.

Ranar 4 ga Disamba 1893 samari uku suka sauka a Legas: Walter Gowans, da Thomas Kent mutumin Amurka, da Bingham, wanda bai cika shekara 21 ba. Ba su da albashi, ba su da ƙungiyar da ta tsaya musu. Tsofaffin mishan da suka tarar a Legas suka gaya musu a fili cewa ba za su ga cikin ƙasar da idonsu ba. Ɗan guzurin da ke hannunsu bai isa tafiya ba, sai suka sayar da abin da za su iya rabuwa da shi, suka duƙufa ga addu'a. Taimakon da ya zo musu kuwa bai fito daga hannun wani attajiri ba. Wata mata ce mai aikin gida ta aiko da ɗan gadon da ta samu.

Da labarin ya tsaya a nan, da mun ce dogara ga Allah abu ne mai sauƙi. Amma zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da Bingham a Legas, sai ya zauna can yana aika wa 'yan'uwansa kaya. Gowans ya kai har Girku, kudu da Zariya, ya rasu a wurin cikin 1894. Kent kuma ya rasu a Bida cikin wannan shekara. A 1895 Bingham ya koma Kanada shi kaɗai, ba ikkilisiya ko ɗaya da aka kafa, sai kaburbura biyu. Shi da kansa bai ɓoye ba cewa bangaskiyarsa ta girgiza ƙwarai a lokacin. Amma da ya je gaida mahaifiyar Gowans, ya tarar da ita ba ta yi da-na-sanin tafiyar ɗanta ba, wannan kuwa ya ƙarfafa shi.

Ga abin da muke so mu lura da shi. Bingham bai koma ya naɗe hannu yana jiran abinci ya faɗo daga sama ba. Ya koyi aikin jiyya a asibiti, ya ƙara karatun Littafi Mai Tsarki, ya yi aikin fasto a Amurka. A 1898 ya auri Helen Blair, a shekarar kuma aka kafa ƙungiyar da daga baya aka san ta da suna SIM. Ƙa'idarta ita ce ba a yi wa ma'aikaci alkawarin albashi ba. Abin da Allah ya kawo ta hannun masu bi, shi ake rabawa. A 1900 ya sāke zuwa Legas, zazzaɓi ya sāke kayar da shi, aka mai da shi gida, abokan tafiyarsa biyu kuma suka karaya suka bi bayansa. Sau biyu ke nan ya dawo hannu wofi.

Sai a karo na uku ƙofa ta buɗe. A 1902 mutum huɗu da ya aika suka kafa tasha a Fategi, bakin kogin Kwara. A wannan shekara kuma Allah ya ba aikin Andrew Stirrett, mai kantin magani a Toronto, wanda ya ba da dukiyarsa ga mishan ya taho da kansa. Hausawa suka sa masa suna Bature Mai Magani, ya kuwa zauna a ƙasar nan har rasuwarsa a Jos a 1948. Kafin nan, a 1897, likita Ronald Ross ya gano cewa sauro ne ke ɗauke da cutar zazzaɓi, shan kwini a kai a kai kuma ya rage mutuwar ma'aikata ƙwarai. Mu dai muna ganin hannun Allah cikin wannan: amsar addu'ar 1893 ta zo, amma ta zo bayan shekara tara, ta hanyar ilimi da magani.

Daga nan aikin ya bazu, bai kuwa raba bukatar jiki da ta ruhu ba. Aka buɗe ɗakunan shan magani da makarantu da wuraren jiyyar kutare, har da na Babbar Ruga kusa da Katsina. A 1932 Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa, aikin da Stirrett ya yi tare da Likita Miller na Zariya da waɗansu. Bingham ya rasu ranar 8 ga Disamba 1942, a lokacin ma'aikatan ƙungiyar sun kai ɗaruruwa. Bai ga buɗe asibitin ido na Kano a 1943 ba, bai kuma ga kafuwar ECWA a 1954 ba. Ikkilisiyoyi da yawa na ƙasar Malumfashi da Funtuwa daga wannan tushe suka fito.

To, me wannan yake koya mana? A shekarun baya-bayan nan 'yan bindiga sun raba manoma da yawa na kudancin Katsina da gonakinsu, ba kuwa za mu manta da ɗaruruwan ɗalibai da aka sace a Ƙanƙara a Disamba 2020 ba, ko da yake Allah ya dawo da su. Wanda rumbunsa ya zama wofi yana iya tambaya ko Allah ya manta da shi. Waɗansu masu wa'azi kuma suna ƙara masa nauyi, suna cewa rashi alama ce ta ƙarancin bangaskiya. Rayuwar Bingham ta ƙaryata wannan. Gowans da Kent ba su rasa bangaskiya ba, amma sun mutu. A Matiyu sura 6 Ubangiji ya nuna mana Uba ya san bukatunmu, a Filibiyawa 4:19 kuma Bulus ya tabbatar wa masu bayarwa cewa Allah zai biya bukatarsu. Ba inda aka faɗa mana ranar, ko ta hannun wa.

Sau da yawa ta hannun ɗan'uwa ne. In akwai gwauruwa a ikkilisiyarmu da ba ta yi noma bana ba, mudun dawar da za mu kai mata yana iya zama amsar addu'arta, kamar yadda gadon mai aikin gidan nan ya zama wa samari uku a Legas. Ubangiji ya ba mu haƙurin jira, da ƙwazon aiki, da hannu mai bayarwa. Amin.