Nana Asma'u da Waziri Giɗaɗo: Auren da Aka Ɗaura Cikin Yaƙi

'Ya'yanmu na Kadawa da Kura da Bunkure da ke zaune a birane sukan ɗauka jarumtar masoyi ita ce wadda ake nunawa a finafinai. Shi ya sa a bana muka zaɓi tarihin Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙanta.

An haife ta a Ɗagel wajen 1793, tagwaye ita da Hassan. Tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804. Ta ga nasarar Tabkin Kwatto, ta kuma ga baƙin cikin Tsuntsuwa, inda mahaddata Alƙur'ani da yawa suka yi shahada, ga yunwa, ga ƙaura daga wannan sansani zuwa wancan. Cikin wannan hali aka ɗaura mata aure da Giɗaɗo ɗan Laima, aminin yayanta Muhammadu Bello, wajen 1807, tun Alƙalawa ba ta faɗi ba. Amarya ke nan wadda ba ta da tabbacin angonta zai dawo duk ranar da ya hau doki.

Da Bello ya zama Sarkin Musulmi a 1817, Giɗaɗo ya zama Wazirinsa, tafiye-tafiye suka ƙaru. Asma'u ba ta zauna jiran tsammani ba. Ta riƙe gida, ta yi rubuce-rubuce da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa 'Yan Taru, tana naɗa jajis da malfa su kai karatu ga matan ƙauye. A ganinmu shi ma Waziri ya yi jarumta, domin ba kowane namiji ne zai jure a ce ana zuwa ƙofar gidansa neman ilimin matarsa ba, balle ya taimaka mata.

Bayan rasuwar Bello a 1837, su biyun suka duƙufa wajen adana tarihin Shehu da jama'arsa, shi da littafinsa Raudul Jinan, ita da waƙoƙinta. Giɗaɗo ya rasu wajen 1851, ta yi masa marsiyya ba tare da ɓoye zafin rabuwa ba. Ɗansu Abdulƙadir shi ya gaji wazirci.

Ta cika a 1864, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta a Sakkwato. Jagorancin 'Yan Taru ya koma hannun ƙanwarta Maryamu, wadda mu Kanawa muka sani, domin ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo.