Pearl Primus, Gwanar Rawa Wadda Ta Biɗo Asalinta A Afirka

An haifi Pearl Primus a birnin Port of Spain, cikin tsibirin Trinidad, a shekarar 1919. Tana da shekara biyu iyayenta suka yi ƙaura zuwa New York ta ƙasar Amurka, can ta girma. Tun tana ƙarama ba ta da wani buri sai zama likita, har ta gama karatun ilmin halittu a Kwalejin Hunter cikin 1940. Amma da ta fita neman aiki a ɗakunan binciken magunguna, ko'ina ta nufa sai a rufe mata ƙofa, ba don wani laifi ba sai don baƙar fata ce.

To, wannan ƙi shi ya juyar da ita. Ta sami gurbin koyon rawa a wata makaranta da ake kira New Dance Group cikin 1941, ran 14 ga Fabrairu 1943 kuwa ta fito gaban jama'a karo na farko. Abin da ya fara ba mutane mamaki shi ne tsallenta, gama takan tashi sama kamar ƙafa biyar. Mai karatu kada ya ɗauka irin rawar biki ce. Ita da jikinta take ba da labari, kamar yadda marubuci ke yi da alƙalami. Rawarta mai suna Strange Fruit tana nuna ta'asar rataye baƙaƙen fata ba shari'a, abin da ake yi a kudancin Amurka a zamanin nan.

Ba ta yarda ta nuna wahalar da ba ta gani da idonta ba. Saboda haka cikin 1944 ta tafi kudu, ta zauna cikin talakawa manoma, ta tsinci auduga tare da su, ta shiga majami'unsu tana lura da yadda suke waƙa da motsi.

Cikin 1948 Asusun Rosenwald ya ba ta kuɗin tafiya Afirka. Ta yi wajen wata goma sha takwas tana zagawa, ta ga Nijeriya da Laberiya da Kwango da ƙasar da yanzu ake kira Gana. Ba kallo ta zo yi ba, zaman almajirci ta yi wurin dattawa, tana tambayar ma'anar kowane taki da lokacin da ake yinsa. Sarkin Ife ya sa mata suna Omowale, watau ɗiya ta komo gida. Daga Laberiya ta ɗauko rawar maraba da baƙi da ake kira Fanga, wadda daga baya ta bazu a makarantun Amurka. A ganina nan ne babban aikinta yake, domin a lokacin Turawa da yawa sun ɗauka rawar Afirka tsalle-tsalle ne kawai na marasa wayewa, ita kuwa ta nuna musu abu ne mai ƙa'ida wanda sai an koya.

Ta auri Percival Borde, shi ma gwanin rawa ne mutumin Trinidad, cikin 1954, suka yi ta aiki tare har ya rasu cikin 1979. Karatu kuwa ba ta sake shi ba. Tana kusa da shekara sittin ta sami digirin dakta a ilmin al'adun ɗan Adam daga Jami'ar New York, cikin 1978, sa'an nan ta koyar a jami'o'i da dama. Shugaba George Bush ya ba ta lambar girma ta ƙasa saboda fasaha cikin 1991. Ta rasu a garin New Rochelle ran 29 ga Oktoba 1994, bayan ta yi fama da ciwon sukari.