Rokeya Sakhawat Hossain: Matar da ta sa maza a kulle

An haifi Rokeya ranar 9 ga Disamba, 1880 a ƙauyen Pairaband da ke yankin Rangpur, cikin ƙasar da ake kira Bangladesh a yau. Gidansu na masu ƙasa ne, gidan Musulmi mai tsananin kulle. An tura 'ya'ya maza karatu, mata kuwa ba a yarda su koyi Ingilishi ko Bengali ba. Yayanta Ibrahim ne ya riƙa koya mata a ɓoye cikin dare, bayan gida ya yi barci.

An aurar da ita ga Sakhawat Hossain, mataimakin majistare a Bhagalpur, wanda ya ƙarfafa mata gwiwar rubutu. A 1905 wata mujallar mata ta birnin Madras ta buga gajeren labarinta na Ingilishi, Sultana's Dream, wato mafarkin Sultana, shekara goma kafin Herland na Ba'amurkiya Charlotte Perkins Gilman.

Labarin ya kai mai karatu wata ƙasa da mata ke mulki, maza na tsare a cikin gida suna girki da reno. Ba da takobi matan suka karɓi ragama ba. Jami'o'i biyu suka gina: ɗaya ta ƙera balan-balan mai tatso ruwa daga gajimare, ɗaya ta gano yadda ake tara zafin rana. Da abokan gaba suka karya rundunar maza, matan suka nemi mazan su shige gida, sannan suka kori maharan da hasken ranar da suka tara. Aikin ofis awa biyu ne kacal a ƙasar, don an lissafa cewa a da maza na ɓata sauran awannin wajen shan taba. Barkwanci ne, amma mai cizo: duk hujjar da ake kafawa don tsare mace, ita Rokeya ta juya wa namiji, ta kuma zauna masa daram.

Mijinta ya rasu a 1909, ya bar mata kuɗin buɗe makarantar 'yan mata. Ta fara a Bhagalpur da ɗalibai biyar, rikicin dangin miji ya sa ta koma Kalkata a 1911. Gida-gida ta riƙa bi tana roƙon iyaye, tana alkawarin kawo yara a mota mai labule, ita ma sanye da lulluɓi. Daga cikin al'ummarta ta yi gwagwarmayar, kamar yadda Nana Asma'u ta yi da 'Yan Taru a ƙasar Sakkwato. A 1916 ta kafa ƙungiyar matan Musulmi, ta kuma buga Padmarag a 1924. Ta rasu a 1932, a ranar da aka haife ta.

Masu fasaha sun ci gaba da ɗiba daga mafarkin. A 2018 Chitra Ganesh, mai zane 'yar Brooklyn wadda ayyukanta ke tono batun mata da jinsi, ta fitar da zane 27 a kan labarin. A 2023 Isabel Herguera ta Sifaniya ta yi fim ɗin katun da shi.

Jami'ar da ke Rangpur tana ɗauke da sunanta. A bakin ƙofarta 'yan sanda suka harbe ɗalibi Abu Sayed ranar 16 ga Yuli, 2024, kisan da ya rura zanga-zangar da ta kori Sheikh Hasina daga mulki bayan mako uku.