Uche Okeke, mai zanen da ya taso a Kafanchan

Mu 'yan Fadan Kaje mun san Kafanchan garin jirgin ƙasa ne, kuma layin dogon nan ne ya kawo 'yan ƙabilar Ibo da yawa suka zauna. Cikin yaransu akwai Uche Okeke, wanda aka haifa ranar 30 ga Afrilu 1933. Asalinsu Nimo ne a jihar Anambra ta yanzu, amma a makarantar St. Peter Claver ta Kafanchan ya yi firamare. Wato yadda mu muke baƙi a Onitsha ko Legas, haka shi ya tashi baƙo a wajenmu.

Ya shiga kwalejin Zariya wadda daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello. Malaman zane Turawa ne, kuma salon Ingila suke koyarwa. Shi da abokansa, irin su Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya suka ce za su karɓi dabarar Bature amma su haɗa ta da ta gida. A 1958 ya buɗe ɗan gidan adana kayan al'adu a titin Ibadan, cikin Kafanchan.

Abin da ya fi burge ni shi ne hannunsa a kan layi. Ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango, kamar dai lallenmu, kuma mahaifiyarsa ta iya shi. A zanensa na alƙalami za ka ga layi ɗaya ya taho siriri, ya yi kauri inda nauyi yake, ya lanƙwasa, shi ke nan mutum ya fito. Ba ya cika takarda. Farin da ya bari shi ma yana aiki. Babana yakan hango sa daga nesa a kara ya faɗi kuɗinsa daga layin bayansa da tozonsa kawai, to irin wannan idon nake gani a wurin Okeke. Yaranmu masu zana dutsen Kagoro da fensir suna ɓata lokaci wajen zana kowace ciyawa, har bukka da shanun su ɓace a cikin baƙi. Da sun duba aikinsa da sun rage wahala.

Ya yi karatu a Munich ta Jamus, ya yi zanen cikin littafin Chinua Achebe, Things Fall Apart. Bayan yaƙin basasa ya shugabanci sashen zane a Jami'ar Nsukka, inda ɗalibansa suka ɗauki uli suka yaɗa. Gidan al'adun nan na Kafanchan kuwa ya koma Nimo da sunan Asele. A can Okeke ya rasu ranar 5 ga Janairu 2016.